Na Kai Goro Kumasi

A saman motar albasa na shiga ƙasar mutane, ina da shekara hamsin da ɗoriya, ban taɓa wuce Maraɗi ba sai wannan karon. Wanda bai taɓa zama kan buhunan albasa ba, ba zai gane ba. Rana ta gasa ta daga sama, ita kuma ta riƙa huci daga ƙasa, kai kana tsakiya kana ta hawaye ba a yi maka mutuwa ba. Direban, wani mutumin Maraɗi mai suna Lawali, ya ce in sauko gaba in zan ƙara wani abu. Na ce mashi saman ma ya ishe ni.

Ni mutumin Mawashi ne ta ƙasar Kusada, amma sana'ata a kasuwar Kankiya take, awon gyaɗa. Firamare ma ban gama ba. Ina faɗin haka ne don kada wani ya ce na ɓoye. Abin da ya fitar da ni kuwa, babban yaron wajena ne. Sunan mahaifina gare shi, don haka Abba muke ce mashi. Ya yi digiri, ya yi na biyu, duk a kan noma, a kan funfunar nan da ke kama gyaɗa in an adana ta da danshi. Ya gama ya dawo gida ya zauna. Aikin da ya samu shi ne tsaron rumfar cajin waya ta wani abokinshi a bakin tasha. Nan yake wuni da kwamfutarshi yana tura imel ga manyan malaman jami'o'in duniya, yana roƙon su ɗauke shi digiri na uku, wanda ake zama dokta, in kuma ba hali, su bar shi ya je ya koyi aiki a ɗakin bincikensu. Ya tura Turai, ya tura ƙasar Sin, ya tura wuraren da ban iya faɗin sunansu ba. Kullum na taso kasuwa sai in ce, "An amsa?" Ya ce, "Tukuna, Baba." Har na daina tambaya, sai dai in kalli fuskarshi in wuce.

Mutum ɗaya ce ta amsa. Wata farfesa, mace, a wata cibiyar binciken noma kusa da Kumasi. Ta ce ta ga aikinshi, ya ba ta sha'awa, za su yi magana. Daga nan shiru. Ya sake turawa, shiru. Damina ta zo ta wuce, shiru.

Sai uwarshi ta gaya mani ya sayar da babur ɗinshi, sun haɗa kai da wasu samari za su bi ta Agadas su shiga Libiya. Ni na taɓa zuwa Tafashiya ta'aziyyar wani yaro da ya bi wannan hanyar, inda babu gawa, babu kabari, waya kawai aka bugo aka ce a yi haƙuri. Na ga uban yaron zaune a kan tabarma, ana cewa Allah ya jiƙanshi, shi kuma yana ta kallon hanya. Ban yi niyyar zama kan irin wannan tabarmar ba.

Na kira Abba na ce, "Matar nan da ta amsa maka, wa ka tura ya gaishe ta?"

Ya ce, "Baba, ba a turawa."

Na ce, "Ka aika mata takarda ta iska, ta ce tana so, sannan babu babba naka ko guda da ya taka ya je. Mi kake so ta ɗauke ka? Marar iyaye?"

"Wallahi Baba ba haka ake yi ba. Imel ake yi. Ka rufa mani asiri."

Ni dai abin da na sani, da zan sa shi makarantar allo da ƙafata na kai shi. Wanda zai ba da ɗanshi koyon kanikanci, shi ke zuwa ya durƙusa ya ce ga amana. Sai ilimi mafi girma ne za a roƙa daga rumfar caji? Na sa ya yi mani alkawari gaban uwarshi ba zai motsa ba sai na dawo. Ya yi, yana cika yana batsewa. Na ɗaure gaisuwata a buhu: gyaɗa zaɓaɓɓiya, ƙuli-ƙuli, kilishi, da goro fari mai kyau. A lokacin hanyar tana biyuwa.

A Yamai aka fara cin hancina. Mun tsaya a tasha, sai ga wani ɗan gaye da jakar hannu, Hausa a bakinshi kamar ɗan Katsina. Ya ce, "Baba, kana da katin allura? In babu ba ka shiga Gana." Na ce babu. Ya ce in ba shi sunana in jira. Kafin in gama cin shinkafa ya dawo da kati ruwan ɗorawa, da hatimi har biyu. Na ce, "To allurar fa?" Ya yi dariya ya ce, "Baba, katin ake dubawa, ba hannu ba." Har addu'a na yi mashi. Yau in na tuna addu'ar nan ta fi kuɗin ƙona mani rai.

Mun ratsa ƙasar Mosi da ke tsakanin Yamai da Gana, gari bayan gari, babu wanda nake jin maganarshi. Ƙasar kamar tamu, ga dawa, ga kuka, ga jakuna, amma ka yi sallama a kalle ka. A wani wuri ina saukowa fitsari wata wayar shinge ta yanke ni a ƙwauri. Na ɗaure da tsumma na manta da ita. Ita ba ta manta da ni ba.

A kan iyakar Gana wani ma'aikaci ya karɓi katin, ya juya shi, ya kira ɗan'uwanshi suka yi ta dariya. Aka ce in koma gefe. Lawali ya je ya yi magana ya dawo yana goge zufa.

Ya ce, "Tsoho, an yi maka aiki. Sai ka yi allurar gaskiya ka jira. Ni kuwa albasa ba ta jira."

Na ce, "Tahi abinka. Ban ce ka ruɓar da dukiyar mutane don ni ba."

Ya tsaya yana kallona, sannan ya ce zai wuce mani da buhuna ya ajiye wajen mai masaukinshi a zangon Kumasi, wani Alhaji Fuseni. Ya rubuta mani lambar wayar a hannun rigata. Na ga ƙeyar motar da buhun gaisuwata a sama, na ce a raina shi ke nan, an ci wannan ma.

Zaman da na yi a bakin iyakar nan ba na so in tuna. Akwai wata tsohuwa mai sayar da koko a gindin ɗorawa. Ba ta jin Hausa, ba na jin nata. Da safe in na wuce sai ta daka mani tsawa kamar na yi laifi, ta miƙo kwano. In na fito da kuɗi ta kaɗa hannu tana faɗa. Ranar da ta ga ƙafata ta tafasa ruwa da gishiri ta wanke mani, tana ta masifa da harshensu. Na tabbata zagina take yi, cewa take tsohon banza mi ya fito da kai. Har na bar wurin ban san sunanta ba. A nan ne kewar gida ta kama ni sosai. Ba matata na riƙa tunawa ba, ba 'ya'ya ba, sai ƙarar tiyar awo in ta bugi buhu, da gardamar mata masu man gyaɗa a kan cikon mudu. Abin da kullum nake ƙorafi a kai, shi na wuni ina nema a kunnena.

Da aka sake ni na bi motar haya ta Tamale, na gangara. Ƙasa ta canza, itatuwa suka yi tsawo suka rufe sama, iska ta yi nauyi kamar an jiƙa bargo an lulluɓa maka. Na isa Kumasi ƙafa ta fara tsami.

Na sa aka buga lambar da ke hannun rigata, na iske buhuna na nan. Ko ɗaurin ba a taɓa ba. Allah ya saka wa Lawali. Alhaji Fuseni tsohon direba ne, ƙato, mai dariya da ciki. Kakanshi daga Kano ya zo, shi bai taɓa ganin Kanon ba. Hausarsu kamar an wanke ta an shanya, amma ana fahimta. Ya ba ni ɗaki, ya sa aka kawo abinci, sannan ya ce in ba shi labari. Na ba shi. Na kwance buhun ina nuna mashi kaya. Da ya ga goron sai ya kwanta a kan tabarma yana dukan ƙasa.

Ya ƙwala wa maƙwabta kira, "Ku zo ku gani! Ɗan Najeriya ya kawo goro Kumasi! Malam Sale, goro ai nan ne gidan ubanshi. Daga nan kakanninku suka riƙa ɗaukarshi a kan jaki. Ka dawo da shi ganin dangi ne?"

Na ce, "Alhaji, gaisuwa ba a tambayar inda aka haife ta."

Ya ce, "Kai, wannan mutum da taurin kai yake." Amma washegari shi ya sa babbar riga ya raka ni, don yana jin Turanci da harshen Asante.

Cibiyar tana bayan gari, da shinge da gonaki a jere kamar an ja su da zare. Mai gadi ya ce an ba mu lokaci? Alhaji ya ce a'a. Ya ce to sai mu tura imel. Da Alhaji ya fassara mani na ji kamar in fasa ihu. Na ratso ƙasa uku don in guje wa imel, ga shi ya riga ni zuwa bakin ƙofa.

Na ce, "Gaya mashi ni ne imel ɗin. Na iso."

Ba su bar mu mun shiga ba. Alhaji ya ce mu koma. Na ce ya koma shi, ni na san yadda ake ganin manya. Ko ƙofar hakimi ba a ce maka shigo ranar farko. Zama ake yi har a gaji da ganinka. Akwai wata bishiyar mangwaro daura da ƙofar, nan na shimfiɗa buzuna. Mai gadin ya nuna mani motar farfesar, wata ƙarama fara. In ta shigo da safe in miƙe in ce, "Ranki ya daɗe." In za ta fita da yamma in miƙe in sake faɗa. Ba ta ko juyowa. Ruwa ya dake ni a wurin, tururuwa suka cije ni, ma'aikata suka riƙa nuna ni da baki. Mai gadin da ya fara korata, shi ya koma yana raba burodinshi da ni. Ƙafa kuwa tana ta hawa, har takalmi ya daina shiga.

Ran nan motar ta tsaya. Ta sauke gilashi ta dube ni sama da ƙasa, ta yi wa mai gadi magana. Aka ce gobe in zo da mai fassara.

Sakatariyarta ta fara tare mu, ta ce sunan ɗalibin. Na ce Abba. Ta duba kwamfuta ta ce babu. Alhaji ya ce, "Sunan yanka suke so." Tunda aka raɗa wa yaron nan suna bakina bai taɓa furta shi ba, sunan ubana ne. Na ce Alhaji ya matso in raɗa mashi a kunne. Ya ce, "Malam Sale, ka zo tun daga Katsina, sai a nan za ka ji kunya?" Na daure na faɗa da ƙarfi, gaban wata yarinya mai jan farce da ba ta san abin da ta sa ni na yi ba.

Farfesar 'yar ƙarama ce, da furfura da tabarau, ba ta kai matata jiki ba. Na cire takalmin da ya rage na durƙusa. Ta ce in tashi in hau kujera. Na ce nan ya yi. Na tura buhun gabanta na yi bayani yadda ake yi: ga ni, ga asalina, yaro nawa ne, ba ya sata, ba ya shaye-shaye, na kawo amanarshi, ta riƙe shi kamar ita ta haifa, in ya yi ba daidai ba ta hukunta.

Ta saurara har na gama. Sannan ta yi magana, Alhaji yana juya mani. Ta ce irin wannan saƙon suna zuwa mata fiye da yadda za ta iya karantawa. Ta ce ta tuna na Abba, aikin ba laifi. Ta sa ran samun kuɗin ɗaukar ɗalibi, kuɗin ba su zo ba, ba ta da abin da za ta ce mashi shi ya sa ta yi shiru. Babu gurbi. Kayan kuma ba za ta karɓa ba, doka ta hana. Sai ta cire tabarau ta ƙara wata magana, Alhaji ya yi ɗan tari kafin ya faɗa.

"Ta ce yaron gurgu ne?"

Na ce, "Lafiyarshi lau."

"Ta ce to don mi bai zo ba? Mai neman digiri na uku da ƙafarshi yake tsayawa. Da shi ne ya zauna gindin mangwaron nan, da tuni ta ba shi kujera sun yi maganar gyaɗa. Kai kuma, ta ce, mi za ta tattauna da kai?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Gaya mata a garinmu yaro mai tarbiyya ba ya kai kanshi. Gaya mata wanda ya ce wa mutum za mu yi magana, sannan ya bar shi damina guda yana kallon waya, bai kyauta ba, ko da ya haɗiye littattafan duniya. A'a ma amsa ce, da ta ba shi. Gaya mata shirunta ya kusa tura mani ɗa cikin hamada."

Alhaji ya yi Turanci gajere. Na ce, "Ka faɗa mata duka?"

Ya ce, "Na faɗa mata wanda ba zai sa a kira 'yan sanda ba."

Ban san abin da ya kai mata ba. Ta dai dube ni ta daɗe, ta ce in je asibiti da ƙafar nan. Muka fito da buhunmu.

Na kwanta a ɗakin Alhaji, zazzaɓi ya rufe ni. Aka kai ni wani ɗan asibiti aka matse ƙafar aka ba ni magani. Mutanen zango, Allah ya biya su, bayan sallar la'asar liman ya yi sanarwa a taimaka wa baƙo ya koma gida. Alhaji ya shigo da fara'a ya ce an haɗa mani na mota, har akwai wanda zai raka ni Tamale.

Na ce, "A mayar wa kowa nashi. Na gode."

"Ka haukace? Da mi za ka koma?"

Na ce, "Ara mani wayarka."

Ina kwance ina juya maganar matar nan. In na koma hannu sake, alkawarin Abba ya ƙare ranar da na sauka a tashar Kankiya. Kuɗin babur na aljihunshi, abokanshi na jira. Na buga mashi. Na ce ƙafata ta kumbura, ba na iya hawa mota ni kaɗai, ya zo ya ɗauke ni. Ba ƙarya na yi ba, ƙafar ta kumbura. Amma na san ba shi da wasu kuɗin da zai hau mota da su sai waɗancan.

Ya ji ni har ƙarshe. Sannan ya ce, "Ga ni nan."

Alhaji ya karɓi wayarshi yana girgiza kai. Ya ce, "Malam Sale, kai mugun tsoho ne."

Na ce, "Na ji."

Abba ya iso ya rame, ido ja. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya duba ƙafar, sannan Alhaji ya kwashe labari duka ya ba shi, har da mangwaro, har da ranki ya daɗe. Yaron ya riƙe kai.

Ya ce, "Baba, ka gama da ni. Mutum ɗaya ce ta taɓa amsa mani a duniya, ka je ka zauna mata a ƙofa kamar mai bin bashi. Duk abin da na gina ka rushe."

Na ce, "Mi ka gina? Shiru?"

"Yanzu da wane ido za ta kalli sunana?"

Na ce, "Ban sani ba. In na yi laifi, ai kai ne mai Turanci. Je ka ba ta haƙuri."

Ya tafi ne don ya wanke kanshi daga haukan ubanshi, ba don komai ba. Ya ce kada in bi shi. Na bi shi, na tsaya wajen abokina mai gadi. Ya shiga da hantsi. Azahar ta yi bai fito ba. Da ya fito bai dube ni ba, sai da muka yi nisa ya ce, yana kallon gefe, ta ce babu digiri, babu albashi, babu alkawarin komai. Amma in zai iya ciyar da kanshi, ya zo ya yi 'yan watanni yana koyon aiki, wankin kwalabe da tantance irin gyaɗa, ta ga hannunshi. In wani abu ya buɗe nan gaba, ko wajenta ko wajen wani, za ta rubuta mashi shaida.

Na ce, "Ka karɓa?"

Ya ce, "Ina da zaɓi ne? Kuɗina sun ƙare a hanya."

Alhaji Fuseni ya ce ɗakin da na kwana na Abba ne, ya riƙa taya shi lissafin shago da yamma a bakin abinci. Na karɓi taimakon mutanen zango a karo na biyu da suka kawo, ban yi musu ba. Abba ya raka ni tasha. Ya ga na kama ƙarfe na haye mota ba wanda ya tallafe ni.

Ya ce, "Ashe kana iya hawa kai kaɗai."

Na ce, "Yanzu na iya."

Bai yi dariya ba. Ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya juya.

Har yau bai zama dokta ba, kuma ban san ko zai zama ba. Yana can yana wanke kwalabe, yana ci gaba da tura imel ɗinshi, sai dai yanzu ya ce wasu na amsawa tunda akwai sunan da yake jinginawa. A Kankiya labarina ya zama abin hira, an ce na je neman digiri na dawo da ɗingishi. Ɗingishin gaskiya ne, ƙafar ba ta koma daidai ba. Masu boko sun ce abin da na yi jahilci ne, ba a yin haka. Wataƙila. Ba wanda zan ba haƙuri.

Ni ba ya kirana. Uwarshi yake kira ranar Juma'a, ita kuma ta ƙure maganar wayar ta ajiye a kan tabarma kamar ba da gangan ba. Ina daga zaure ina jin shi yana ƙorafin abincinsu, yana tambayar ƙannenshi ɗaya bayan ɗaya. Can ƙarshe ya ce, "Ki gaida shi." Shi ke nan rabona.

Ya ishe ni. Ya yi ta fushinshi, in dai daga inda nake jin muryarshi yake yi.